Darasi na Tara: Jigilar Kayan Gida da Harajin Kwastan ga Mai Ƙaura zuwa Birtaniya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana hanyar da kaya ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Manchester ko Birmingham;
2. faɗin sharuɗɗan shigar da kayan gida Birtaniya ba tare da biyan haraji ba;
3. lissafa kuɗin jigila da haraji da kansa;
4. tantance kayan da aka hana shiga da su.

Ƙasar da ruwa ya kewaye

Idan magidanci zai tashi daga Zariya ya koma Kaduna, mai a-kori-kura zai kira, a loda gado da katifu da tukwane da safe, kafin la'asar an sauke su a sabon gida. Ƙaura zuwa Birtaniya ba haka take ba. Ingila da Scotland da Wales suna kan babban tsibiri guda ne, teku ta kewaye shi ta kowace fuska. Kaya ba su da hanyar shiga sai ta tashar jiragen ruwa, ko filin jirgin sama, ko hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku da aka buɗe tsakanin Faransa da Ingila a 1994. Ƙofofin 'yan kaɗan ne, kuma kowace da masu tsaronta. Hukumar HMRC ce ke kula da haraji, jami'an Border Force kuma su ke binciken kaya a bakin iyaka.

Hanyar nan ba sabuwa ba ce ga kayan ƙasar Hausa. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu da ƙiraga sun riƙa gangarawa Legas suna haye teku zuwa Liverpool, yadin masaƙun Manchester kuma yana biyo hanyar ya zo kasuwanninmu. Manchester ba a bakin teku take ba, shi ya sa mutanenta suka haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 58, aka buɗe shi a 1894, don jiragen ruwa su riƙa shigowa har cikin gari. Manyan jiragen kwantena na yau sun fi ƙarfin wannan mashigi. Suna sauke kaya ne a Felixstowe, wadda ta fi kowace tashar kwantena girma a ƙasar, ko Southampton, ko London Gateway, ko Liverpool. Daga nan jirgin ƙasa ko babbar mota ke ɗauka zuwa Trafford Park a Manchester, ko Lawley Street da Hams Hall a yankin Birmingham, birnin da ke tsakiyar Ingila, nesa da teku.

Ke nan kayanka za su yi tafiya uku: daga gida zuwa tashar Apapa ko Tin Can a Legas, ko Lome ga mutanen Nijar, sannan tafiyar teku, sannan daga tashar Ingila zuwa ƙofar gidanka. Kowace tafiya da kuɗinta. Idan kamfani ya faɗa maka farashi, tambayar farko ita ce: har ina kuɗin nan ya kai kayan, bakin tasha ko ƙofar gida?

Me za a ɗauka, me za a bari?

Yawancin gidajen haya a unguwanni irin su Longsight da Cheetham Hill da Moss Side a Manchester, ko Small Heath da Sparkbrook da Alum Rock a Birmingham, tsofaffin gidaje ne jere manne da juna, masu ƙananan ɗakuna da ƙuntatacciyar matakala. Gadon mutum biyu da aka saba da shi a can faɗinsa santimita 135 ne, tsawonsa 190. Gadonmu mai ƙafa shida-shida da katafaren allon kai, ko kujerun falo masu faɗin hannu, sau da yawa ba sa juyuwa a kan matakalar, balle su shiga ɗaki. Gidajen haya da yawa kuma da gadonsu da firji da murhu ake ba da su. Janareta da tankin ruwa ba su da aiki a can.

Abin da ya cancanci kuɗin jigila shi ne wanda ba za a same shi a can da sauƙi ba, ko wanda ke da daraja a zuciyar mai shi: ɗinkakkun kaya, shadda da atamfa da leshi, huluna, littattafai, kasko da turaren wuta, muciya da maburgi, tandar waina, faifai da rariya. Kayan lantarkin Najeriya suna aiki a Birtaniya, domin ƙarfin wutar ɗaya ne, volt 230, filoginsu ma mai baki uku ne iri ɗaya. Na Nijar masu baki biyu suna buƙatar adafta. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kuɗin kai abu ya kusa kuɗin sayensa a can, a sayar da shi a gida ko a ba da shi kyauta.

Sama ko ruwa

Jirgin sama ya fi sauri, kwanaki kaɗan kaya sun isa, amma da kilo ake biya. Jirgin ruwa yana ɗaukar makonni, wani lokaci har watanni idan an haɗa da zaman jira a tasha, amma ya fi araha ga kaya masu yawa, kuma da girman wurin da kaya suka ci ake biya. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kimanin mita kubik 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba, ana haɗa su da na wasu, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Illar haɗakar ita ce sai kwantena ta cika take tashi, kuma idan aka tsare ta saboda kayan mutum ɗaya, kowa sai ya jira.

Masu jigilar sama suna da wani lissafi da ya kamata a sani. Suna auna nauyin kwali a sikeli, sannan su auna girmansa: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 6,000. Wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a biya. Ɗauki kwali mai tsawon 60, faɗin 50, tsayin 40:

60 × 50 × 40 = 120,000
120,000 ÷ 6,000 = 20

Ko da matasan kai ne a ciki, nauyinsu kilo 7 kacal, kuɗin kilo 20 za ka biya. Wasu kamfanonin aika saƙo da 5,000 suke rabawa, kwalin ya koma kilo 24. A jirgin ruwa kuwa wannan kwali mita kubik 0.12 ne, guda 25 irinsa su ba da mita kubik 3.

Kowane kwali a sa masa lamba, a rubuta abin da ke ciki a takarda: kwali na 1, tufafin yara, kwali na 2, tukwane da kwanuka. Kada a rubuta "tarkace" ko "kayan gida" kawai, domin irin wannan rubutu shi ke sa jami'i ya ce a buɗe. Idan da akwatin katako za a ɗaure kaya, dole katakon ya zama wanda aka gasa don kashe ƙwari, mai ɗauke da hatimin ISPM 15. A sayi inshora, a kuma karɓi takardar shaidar lodi daga kamfanin, domin da ita ake karɓar kaya a can.

Rangwamen mai ƙaura

Nan ne zuciyar darasin. A ƙa'ida duk kayan da suka shigo Birtaniya daga waje ana biya musu haraji. Amma doka ta yi rangwame ga wanda ya tattaro ya dawo ƙasar da zama: zai iya shigo da kayan gidansa ba tare da biyan harajin kwastan ko na VAT ba, in ya cika sharuɗɗa huɗu:

1. ya zauna a wajen Birtaniya wata 12 a jere kafin ƙaurar;
2. kayan nasa ne, kuma ya yi aƙalla wata 6 yana amfani da su;
3. kayan su shigo cikin wata 12 daga ranar da ya fara zama a ƙasar;
4. kada ya sayar da su, ko ya ba da haya ko aro ko jingina, sai bayan wata 12 da shigowarsu.

Rangwamen bai shafi taba da barasa ba, haka motocin haya da na dakon kaya, haka manyan injinan sana'a waɗanda ba a iya ɗauka a hannu.

Ba a samun wannan rangwame kai tsaye, nema ake yi. Ana cike fom mai suna ToR1 ta intanet a shafin gwamnatin Birtaniya, kuma HMRC ba ta karɓar ko kwabo a kansa. Za a buƙaci hoton shafin fasfo, da shaidar izinin zama, da shaidar adireshin da aka baro, da shaidar wanda za a sauka, kamar takardar haya ko wasiƙar mai masauki, da jerin kayan. In an amince, za a aiko da wata lamba ta musamman. Wannan lamba ita za ka ba ejan ɗin da zai fitar maka da kaya, ya sa ta a takardar bayyana kaya ga kwastan.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A nemi lambar tun kaya ba su bar gida ba. Idan jirgi ya iso babu lamba, ɗayan biyu ne: ko a biya cikakken haraji, ko kaya su zauna a tasha ana jiran amsa. Kwanakin kyauta a tasha kaɗan ne, da sun ƙare kuɗin ajiya da na riƙe kwantena za su fara hawa kullum, da fam ba da naira ba.

Ɗalibai suna da nasu rangwamen daban, wanda ya shafi tufafi da littattafai da kayan karatu da na ɗakin kwana. Amare ma da nasu. Wadda aure ya kawo ta za ta iya shigo da lefenta da kayan ɗakinta, ko da sababbi ne fil, muddin sun shigo tsakanin wata 2 kafin ɗaurin aure da wata 4 bayansa, kuma ta nuna shaidar auren. Kyaututtukan biki ma suna shiga, in darajar kowace ɗaya ba ta wuce fam 900 ba. Sai dai amare da yawa biza ba ta fito musu sai wata huɗun nan sun shige. Wadda ta sami kanta a haka ta koma ga sharaɗin wata 6: ta buɗe kayanta ta yi amfani da su a gida, ta adana rasit ɗin da ke nuna ranar saye.

Idan za a biya, nawa ne?

Sababbin kaya da kayan sayarwa ba sa shiga rangwamen mai ƙaura. Haraji biyu ake ɗora musu. Na farko harajin kwastan, wanda ya danganta da irin kayan da ƙasar da aka ƙera su. Wasu kayan ba a ɗora musu komai, kuma tun 2023 Birtaniya tana da tsarin sassauta wannan haraji ga kayan da aka yi a ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar. Na biyu harajin VAT, kashi 20 cikin ɗari ga yawancin kaya. Abin lura shi ne ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa su ba, har da kuɗin jigila da inshora, kuma VAT yana hawa har kan harajin kwastan ɗin.

A ce darajar kaya fam 2,000 ce, jigila da inshora fam 500, a kuma ɗauka harajin kwastan kashi 6 ne cikin ɗari:

2,000 + 500 = 2,500
Harajin kwastan: kashi 6 na 2,500 = 150
2,500 + 150 = 2,650
VAT: kashi 20 na 2,650 = 530
Jimillar haraji: 150 + 530 = fam 680

Ban da wannan akwai ladan ejan da kuɗin tasha da na kai kaya gida.

Ga wanda ya riƙo kaya a akwatinsa ta filin jirgin Manchester ko na Birmingham, an yafe masa sababbin kaya da tsaraba da darajarsu ba ta wuce fam 390 ba. In ta wuce, sai ya bayyana su ya biya a kan duka darajar, ba a kan rarar kaɗai ba. Tsabar kuɗin da ta kai fam 10,000, ko kwatankwacinta a dala ko wani kuɗi, dole a bayyana ta. Ba haraji ake cirewa ba, amma wanda ya ɓoye ana iya ƙwace kuɗin a kuma ci shi tara.

Kayan da ba sa shiga

An hana shigo da nama da duk abin da aka yi da nama ko madara daga ƙasashenmu. Kilishi da dambun nama da soyayyen naman layya da man shanu da cuku duk suna cikin wannan hani, komai bushewarsu, komai kyan ƙunshinsu. Dalilin tsoron cututtukan dabbobi ne. A 2001 ciwon baki da kofato ya ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Matafiyi zai iya riƙo busasshen kifi har kilo 20, da zuma har kilo 2. Dabino da shinkafa suna wucewa, amma yawancin ɗanyun kayan lambu da irin shuka sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda a Najeriya hukumar NAQS ke bayarwa.

Jaka ko takalmin fatar kada ko mesa, irin waɗanda ake gani a kasuwar Kurmi, sai da izini na musamman a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare namun dajin da ke neman ƙarewa. Haka hauren giwa. Man sauya launin fata mai sinadarin hydroquinone ko mercury haramun ne a sayar da shi a ƙasar, kuma ana ƙwace shi a tasha. Ƙwayoyi irin su tramadol suna ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi, mara lafiya ya riƙe takardar likitansa. Tsofaffin kayan tarihi kuwa, tun daga Najeriya ba sa fita sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Tattaunawa

A karanta wannan misali bibbiyu. Wa yana Birmingham, ƙanwarsa tana Kano tana shirin bin mijinta Manchester.

Ƙanwa: Yaya, ina wuni? Kaya dai sun haɗu, gobe mai mota zai kwasa zuwa Legas.

Wa: Lafiya lau. Lambar HMRC ta fito?

Ƙanwa: Ejan ya ce kada in damu, in kaya sun isa za a san yadda za a yi.

Wa: A'a, ki dakatar da motar. Nan ba a san "yadda za a yi" ba, takarda ake dubawa. Ki cike fom ɗin yau, in lamba ta zo sai a loda.

Ƙanwa: To, Yaya. Sannan Gwaggo ta kawo kwali biyu in kai wa 'yarta, maƙwabciyarmu ma ta kawo turmin atamfa ashirin, wai a sayar mata a can.

Wa: Kin buɗe na Gwaggo kin ga abin da ke ciki?

Ƙanwa: Haba Yaya, da wane ido zan buɗe kayan Gwaggo?

Wa: Da sunanki kayan za su shiga, ke za a tambaya. Ki je ki gaishe ta, ki ce dokar can ce ta ce a rubuta komai, ku buɗe tare. In da kilishi a cire. Sannan kayanta ba sa shiga jerin naki, a rubuta su daban. Atamfar maƙwabciya kuwa kayan kasuwa ne, in tana so ta aiko ta biya harajinta.

Ƙanwa: Za ta ji haushi fa.

Wa: Ki ba ta haƙuri. In aka tarar da kayan sayarwa cikin kayan da kika ce na gidanki ne, ana iya ƙwace su, rangwamen naki ma ya shiga matsala.

Karɓar saƙo zumunci ne, kuma babu wanda ke son a ce ya yi rowar wuri. Amma a idon doka mai sunan da ke kan takarda shi ne mai kaya. Kada a ɗauki ƙunshin da ba a ga cikinsa ba, ko na wane ne.

Batun mota

Motar hawa ta mai ƙaura tana iya shiga rangwamen in ta cika sharaɗin wata 6. Dole a sanar da HMRC cikin kwana 14 da shigowarta ta tsarin NOVA, a gwada lafiyarta, sannan a yi mata rajista a hukumar DVLA. In babu rangwame, harajin kwastan na mota yakan kai kashi 10, ga VAT a kai. A Birtaniya ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, mu kuwa Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, don haka motarmu baƙuwa ce a titinsu. A Birmingham kuma, tun watan Yunin 2021, motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 8 duk ranar da ta shiga tsakiyar gari. Ga mafi yawan mutane, sayar da motar a gida ya fi riba.

Abin da za a riƙe

Tsofaffin kayanka da ka yi amfani da su suna shiga kyauta, sababbi da na sayarwa ana biya musu. Takarda ke gaba, kaya su biyo baya. A rubuta gaskiyar abin da ke cikin kowane kwali. Adadin kuɗi da ƙa'idoji suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya kowa kuɗi, a kuma nemi farashi a rubuce daga kamfani fiye da ɗaya.

Tambayoyi

1. Ambaci tashoshin ruwa uku da kwantena ke sauka a Ingila.
2. Kawo sharuɗɗa huɗu na rangwamen mai ƙaura.
3. Me ya sa ake neman lambar HMRC kafin a loda kaya?
4. Don me aka hana shiga da kilishi da man shanu?
5. Amarya ta sami biza wata 9 bayan ɗaurin aure. Ta wace hanya kayan ɗakinta za su sami rangwame?

Aikin lissafi

1. Kwali mai tsawon santimita 80, faɗin 60, tsayin 50 ya nuna kilo 25 a sikeli. Kuɗin kilo nawa za a biya a jirgin sama in da 6,000 ake rabawa?
2. Darajar sababbin kaya fam 1,200 ce, jigila da inshora fam 300, harajin kwastan kashi 10 cikin ɗari. Lissafa harajin kwastan da VAT da jimillarsu.

Aikin rukuni

Ku rabu gida-gida. Kowane rukuni ya rubuta kaya 20 da ake samu a gidan magidanci, ya kasa su kashi uku: na tafiya da su, na sayarwa ko bayarwa, da waɗanda doka ta hana. Wakilin kowane rukuni ya tashi ya bayyana wa aji dalilin rabon.